Sunan da Ba a Kira Ba a Ƙasar Guci

Akwai wata ranar rabon iri a wani ƙauye na ƙasar Guci wadda na san ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, na yi ayyuka da yawa bayanta, wasu an yaba wasu an kushe, amma har yau idan na zauna zan rubuta wani abu da mutane za su yi amfani da shi, sai ranar nan ta zo ta tsaya mini a rai.

A lokacin ban daɗe da dawowa Magaria daga karatu a Damagaram ba. Na dawo da takardar shaidar na iya rubuta manhaja, na kuma dawo da kai wanda ya kumbura har ɗankwali yana neman ya yi masa kaɗan. Wata haɗakar ƙungiyoyin manoma ta ɗauke ni aiki. Bironmu, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne da fanka ɗaya mai kuka, sai ordinater biyu, wato kwamfuta, tawa da ta abokin aikina. Shi wannan abokin aiki ɗan Waca ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Da can malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa kowa ke kiransa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, kuma shi ya koya wa kansa rubuta manhaja daga littattafai. Yana aiki a hankali, da yatsa biyu, yana motsa leɓe. Ni kuwa ina ganin na fi shi, kuma ba na ɓoye hakan yadda ya kamata.

An raba mana aikin gida biyu. Ni zan gina rumbun sunaye, inda za a zuba sunayen manoman kowane ƙauye kamar yadda sakataren ƙauyen ya rubuta su a cikin littafinsa. Mushe kuma zai rubuta ɓangaren da zai ɗebo sunayen daga rumbuna ya buga su a takarda, don a kira mutane ranar rabo. Ke nan dole in bar masa ƙofa a jikin aikina, wurin da nasa aikin zai miƙo hannu ya karɓi suna. A sana'armu wannan ƙofa ita ce aka fi tsananta wa doka, domin wanda zai shigo ta cikinta bai san abin da ke cikin kanka ba.

To, akwai wata 'yar manhaja da muke kira linta. Aikinta ɗaya ne: ta bi abin da ka rubuta layi-layi, duk inda ka kauce wa yadda aka saba yi sai ta ja layi rawaya a ƙarƙashi, ta rubuta ƙorafinta a gefe. Ba ta hana aikinka tafiya, mita kawai take yi. Ni na raɗa mata suna Gwaggo, saboda ina da wata ƙanwar mahaifina da za ta shigo ɗakinka ba sallama ta ce maka ba haka ake ninke zane ba. Sunan ya bi ta, har Mushe ma haka yake kiranta.

Cikin dokokin Gwaggo akwai wadda ta shafi bin jeri. Kowane yaren rubuta manhaja yana da hanyarsa sananniya ta bin jerin abubuwa: ka ce wa injin, ga kowane ɗaya a cikin jerin nan yi masa kaza, shi kuma ya ɗauko daga na farko har na ƙarshe ba tare da ka ƙirga masa ba. Dokar ta ce duk abin da ka buɗe wa wasu, in dai jeri ne a cikinsa, to ka ba su wannan hanyar da kowa ya sani. Ni kuwa sai na ƙirƙiro tawa. Na yi umarni biyu. Na farko na kira shi “buɗe”, yana buɗe jerin ƙauye, kuma a nan take ya miƙo maka sunan farko a hannu. Na biyu na kira shi “na gaba”, shi ke kawo sauran ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da na ba kaina shi ne ina son sunan farko ya riƙa fitowa a saman allona don in gane ƙauyen da sauri. Dalilin gaskiya kuwa, ina son a ce ga wani abu da ni na ƙago.

Ina gama rubutawa Gwaggo ta ja layinta. Na karanta ƙorafin, na yi tsaki. Akwai wani gajeren layi da ake rubutawa a saman aiki don a ce mata ta kau da kai daga wurin, na rubuta shi ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Rawayan ya ɓace, allona ya yi fes.

Ranar da na miƙa wa Mushe aikin, tambaya ɗaya ya yi mini. Ya ce, “Malama, Gwaggo ta gani?”

Na ce, “Ta gani, ta yi shiru.”

Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba. Shi kuma bawan Allah ya yarda. Ya ga umarni mai suna “buɗe”, ya ɗauka buɗewa kawai yake yi, kamar yadda kowane mai hankali zai ɗauka. Ya kira shi, sannan ya shiga kiran “na gaba” har jeri ya ƙare, yana buga abin da ya samu. Sunan farko, wanda “buɗe” ya miƙo, ya faɗi ƙasa ba wanda ya tara hannu. Takardar kuma ta fito da kyau, an jera lamba daga ɗaya zuwa ƙasa, domin ɓangarensa sabuwar lamba yake sa wa sunayen. Ya ce mu gwada takarda ɗaya da littafin ƙauye mu gani. Na ce masa wannan aikin 'yan lakwal ne, inji ba ya mantuwa.

Wannan shekarar haɗakar ta samo irin hatsi da na wake masu saurin nuna, waɗanda ake so su shiga ƙasa da ruwan farko. An ƙulla wa kowane manomi rabonsa a leda, daidai da yawan mutanen da kowane ƙauye ya aiko. Aka yi kwana biyu ana rabo. Direban motarmu ya dawo yana dariya, ya ce shi bai taɓa ganin albarka irin ta bana ba, kowane ƙauye sai ƙulli ɗaya ya rage. Muka yi dariya tare. Rana ta uku na ce ni ma zan bi su, don ina son in ga aikina da idona, kuma in faɗi gaskiya, ina son a gan ni.

Mun isa ƙauyen da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a gindin wata babbar tsamiya, maza a gaba, mata can gefe sun yi cincirindo. A tabarmar gaba akwai wani dattijo siriri cikin farar riga wadda kana gani ka san an wanke ta ne saboda wannan ranar. Duk wanda ya iso sai ya fara rusunawa ya gaishe shi kafin ya nemi wuri. Sakataren ƙauyen, wani magidanci mai ƙaramar murya, ya karɓi takardar daga hannuna da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya dubi saman takardar. Na ga ya ɗan tsaya. Ya juya ta, ya dubi bayanta, ya sake juyowa. Sannan ya kira suna.

Wani mutum daga tsakiyar taron ya amsa da ƙyar, ya tashi yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi. Ni a raina na ce mutanen ƙauye da kunya. Aka ci gaba, kowa ya ji sunansa ya ce na'am, ya zo ya dangwala yatsa ya karɓi ƙullinsa. Na lura taron ya yi shiru fiye da yadda taron rabo ke yi, kuma mutane suna satar kallon dattijon nan. Shi kuwa yana zaune bai motsa ba, carbinsa a hannu. Aka kai ƙarshen takarda, ƙulli ɗaya ya rage a cikin buhu.

Sai aka ce Baba, wato dattijon nan, ya rufe taro da addu'a. Ya ɗaga hannu, ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi Allah ya tsare shuka daga fari da tsutsa, sannan ya daɗe yana yi mana addu'a mu mutanen biro, ya ce Allah ya ba mu lafiya da muka tuna da talakawa. Na shafa da ƙarfi, raina fari tas. Har yau idan na tuna yadda na ce amin ɗin nan sai in ji kamar in nutse.

Bayan an watse mata suka ja ni cikin wani gida in sha ruwa. Wadda ta kawo mini furar mace ce doguwa mai kaifin ido, da goyo a bayanta. Daga baya na gane surukar dattijon ce, matar ɗansa. Ta jira sai da na kai ludayi baki sannan ta zauna kusa da ni, ta rage murya.

“Madam, in tambaye ki mana. A wajenku, daga shekara nawa ne mutum yake fita daga cikin manoma?”

Na ce ban gane ba.

Ta ce, “Ai mun ji an ce biro ya daina ba tsofaffi iri, wai hasara ce. Shekaranjiya a garin su innata haka aka yi wa tsohonsu. Mun ce ƙarya ne. Yau ga shi an yi wa Baba.”

Na ajiye ludayin. Na ce mata babu wata doka irin wannan, ni ce ma na haɗa jerin. Ta dube ni sama da ƙasa, ba da raini ba, kamar dai tana auna ko na kai a gaya mini magana. Sannan ta ce, “To ki sani, shi ya riga kowa sharar gona a garin nan. Kuma ba zai ce muku komai ba. Ko zai kwana bai ci ba, ba zai tashi cikin 'ya'yansa ya ce an tsallake shi ba.”

Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na sami sakatare na ce ya nuna mini littafinsa. Ya ɗauko wani littafin 'yan lakwal mai bango shuɗi. A layin farko, da rubutu mafi kyau a shafin, ga wani suna da babu shi a takardata. Na ce, wannan fa?

Ya ce, “Baba ne mana. Madam, wa zai rubuta sunansa gaba da na Baba? Ko'ina ka je ai da babba ake farawa.”

“To me ya sa ba ka yi magana ba da ka ga babu shi?”

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. “Takardar biro ce, da hatimi. Kuma in ce me a gaban jama'a? In ce an manta da shi? Ai gara a yi shiru.”

A nan tsaye na ga umarnina guda biyu a idona kamar an rubuta su a bangon gidan. Da a ce jerin nan a hargitse yake, da wani matashi ne zai faɗi daga jerin, kuma tun ranar farko da ya tayar mana da hankali an gyara. Amma mutanenmu ba sa jera suna a hargitse. A kowane ƙauye da motarmu ta shiga cikin kwana ukun nan, wanda ya fi kowa girma shi na zaɓa na zubar, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa. Kuma shi ne mutum ɗaya tak da ba zai buɗe baki ya nemi haƙƙinsa ba.

Na ɗauko ƙullin da ya rage na ba sakatare ya kai masa gida. Bai jima ba ya dawo da shi. Ya ce Baba ya yi godiya ƙwarai, ya ce a mayar, a ba wanda sunansa yake cikin takarda. Surukar tana tsaye a bakin zaure, ta ce, “Ragowa za ki aika masa? Haba Madam.” Sai a lokacin na fahimci abin da na ɗauke masa, kuma ƙulli ba zai mayar da shi ba. Mutumin da ya shekara sittin ko fiye yana noma, takarda mai hatimi ta ce shi ba manomi ba ne.

Muka kama hanyar Magaria da la'asar. Gabas ta fara haɗa baƙi, direba yana ta murna, ni kuwa kowane hadari na kalla sai in tuna dattawan da ba su sami iri ba. Muna isa na ji muryar shugaban haɗakarmu tun daga waje. Wani ɗan mai gari ya kira shi a salula ya wanke shi tas, shi kuma ya zo yana saukewa a kan Mushe, tunda shi ya buga takardun. Mushe yana tsaye, hannuwansa a baya. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa a biron nan ba: na tsaya a bakin ƙofa kusan minti guda ina saurare, kuma wani abu a zuciyata yana ce mini in yi shiru, ai ba wanda zai gane. Shugaban bai san bambancin aikina da na Mushe ba. Abin da ya tura ni ciki shi ne addu'ar dattijon nan, da ta ƙi barin kunnena.

Na shiga na ce, “Alhaji, ba shi ba ne. Ni ce.” Na fara bayani, ina cewa “buɗe”, ina cewa “na gaba”. Ya ɗaga mini hannu ya ce shi ba ya jin wannan yaren, takarda yake so mai sunan kowa, kuma kafin ruwa ya sauka. Ya fice yana huci.

Na jira Mushe ya rama duk rainin da na yi masa. Yana da dama, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Sai kawai ya jawo kujerarsa kusa da tawa ya ce, “Malama, zauna. Kwance wa Gwaggo baki mu ji abin da take son faɗa.”

Ashe tun da aka kira shugaban, Mushe ya buɗe aikina, ya ga layin da na rufe mata baki da shi. Ya sani sarai lokacin da ake yi masa faɗa, ya zaɓi ya yi shiru ya jira ni. Na goge layin da hannuna. Rawayan ya dawo a daidai inda yake watanni biyu da suka wuce. Mushe ya gyara tabarau, ya karanta ƙorafin da ƙarfi, a hankali, kalma-kalma, kamar yana yi wa aji shifta. Ma'anarsa dai ita ce: wannan jerin na jama'a ne amma ba a bin sa ta hanyar da aka saba, mai amfani da shi zai iya kuskure. Da ya gama ya ce, “Ni ma da na nace mun gwada da littafi, da ba a kai haka ba. Laifin namu ne mu biyu. Gyaran dai naki ne, don ke kika fi ni sauri.”

Wallahi wannan maganar ta fi zagi shiga jikina. Na cire umarnina biyu, na sa hanyar da kowa ya sani. Abin da na ƙi yi don girman kai bai ci mini awa ɗaya ba. Ɓangaren Mushe, da yake da layi kusan ashirin, ya koma layi uku. Muka sake buga takardun, muka ɗauko hotunan littattafan ƙauyuka da ke cikin salularsa, yana karantawa ina bi da yatsa, ƙauye bayan ƙauye. Kafin a kira isha'i mun gama. Muka raba hanya: shi zai bi ɓangaren Waca da Sassumbrum da mota, ni in koma Guci a kan kabu-kabu.

Da asuba ruwa ya sauka, ruwa na gaske. Da gari ya waye duk ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya cika ko'ina, kuma tun daga bakin gari ake ganin mutane a gonaki sun duƙufa. A ranar shuka ba mai zaman gida. Mai babur yana ta kauce wa kududdufai, ni ina rungume da jakar ƙulle-ƙullen da takardun a cikin leda, ina lissafin cewa a wannan safiyar kowa yana zuba iri a rami sai dattawan da na zubar.

Na tarar da ƙauyen wayam, daga awaki sai wata tsohuwa da ta nuna mini hanyar gonarsa. Tun daga nesa na hango shi. Ya cire farar rigar, yana cikin wata tsohuwar taguwa, sungumi a hannunsa yana sara, surukar tana biye tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Na yi mamaki, na tambaye ta a ina suka samu. Ta ce da suka buɗe ƙofa da safe sun tarar da ƙwarya biyu a bakin zaure, ɗaya hatsi ɗaya wake. Kowane gida ya ɗebi hannu guda daga rabonsa ya zuba, ba wanda ya ce shi ne. Wannan kam Baba bai iya mayarwa ba, don bai san ƙofar da zai mayar ba.

Na je na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, kamar ba abin da ya faru. Na ce, “Baba, na zo neman gafara. Biro bai cire ka ba. Babu wata doka a kan tsofaffi. Ni ce na yi kuskure a wajen aiki.”

Ya dogara da sungumin ya dube ni. “Injin naku ne ya manta da ni?”

“A'a Baba. Injin ya gaya mini in gyara, ni ce na hana shi magana.”

Ya yi dariya har yana tari. Ya ce wa surukarsa, “Kin ji, ashe injin ya fi mai shi jin magana.” Sannan dariyar ta tsaya. Ya dubi ledar da ke hannuna ya ce, “Yanzu ina ciki, 'yata?”

Na zaro takardar na nuna masa. Ba ya karatun boko, don haka na ɗora yatsana a layin farko na ce ga shi nan, lamba ɗaya. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, “To kira.”

Na faɗi sunan a hankali, ina durƙushe.

Ya girgiza kai. “Ba haka aka kira na sauran ba.”

Na gane. Na miƙe tsaye, zanina duk laka, na juya wajen gonakin maƙwabta inda mutane suke sunkuye, na tattara duk muryar da Allah ya ba ni na kira sunansa da na mahaifinsa. Na ga mutane suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, na kusa da na nesa. Dattijon nan ya tsaya ƙyam, ya amsa “Na'am!” da muryar da ban zaci tana jikinsa ba. Daga wata gona wata mata ta rangaɗa guɗa. Ni dai hawaye ne suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Ya dangwala yatsansa a gaban sunan, yatsa mai laka, har yau tabon yana kan takardar, don na ajiye ta. Ya karɓi ƙullin ya miƙa wa surukarsa ya ce a mayar wa mutane abinsu. Ta ce ai ba a san ko su wa ba ne. Ya ce, “Kowa ne. Ki bi gida-gida.” Sannan ya ce mini in tafi, akwai sauran tsofaffi suna jira, ya juya ya ci gaba da sara.

Ba ko'ina abin ya ƙare da daɗi haka ba. A wani ƙauye ta ɓangaren da Mushe ya bi, dattijon ya karɓi irinsa ya yi godiya, amma bai sake zuwa taron ƙungiya ba har Allah ya karɓi ransa. Wannan ina ɗauke da shi, kuma ina yi masa addu'a.

Duk da haka, idan na tuna wannan al'amari godiya ce ta fi yawa a raina. Ina gode wa matar nan da ta yi ƙarfin halin tambayata abin da maza suka kasa. Ina gode wa Mushe, wanda ya sha faɗan da ba nasa ba, ya kuma koya mini aiki ba tare da ya tozarta ni ba. Mun yi shekaru muna aiki tare bayan nan, bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Har waɗanda suka rubuta dokar nan ta bin jeri, mutanen da ban sani ba kuma ba su taɓa jin sunan Guci ba, ina gode musu. Ina jin su ma wani ya taɓa faɗuwa daga jerinsu, shi ya sa suka bar mana gargaɗi.

Abin da na koya shi ne, ƙofar da wasu za su bi ba wurin nuna gwaninta ba ne. A gina ta yadda mutane suka saba shiga, kuma idan aka yi maka gargaɗi a kanta ka tsaya ka ji, domin shirun mutane ba ya nuna aikinka ya yi daidai. Yanzu duk jerin da na buga, kafin ya bar hannuna, sai na ɗora yatsa a kan sunan farko na tambayi kaina: wane ne wannan, kuma da na tsallake shi, zai gaya mini?